Yadda Ake Gina Labarin Zuwan Baƙi Daga Wata Duniya a Bakin Tafkin Legas

Labarin haɗuwar ɗan Adam da halittu masu hankali daga wata duniya yana tsayawa ne a kan tambayoyi biyu, wato wane ne ke da iko da wurin da aka haɗu, kuma wane ne zai ɗauki asarar da haɗuwar ta jawo. Bahaushen da ke zaune a Agege, Idi-Araba, Mile 12 ko Alaba Rago ya san nauyin waɗannan tambayoyi tun kafin ya ɗauki alƙalami, domin kakanninsa sun ga shigar Turawa Kano a 1903, shi kuma yana rayuwa a garin da har gobe wasu ke kiransa baƙo ko da a nan aka yanke masa cibiya. Irin wannan rubutu yana da tushe a Hausa, tun da Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, amma fagen bai cika ba har yau. Matakan da ke tafe za su bi misali guda ɗaya daga farko zuwa ƙarshe, domin mai karatu ya ga yadda kowane mataki ke haifar da na gabansa.

Mataki na farko: ka yanke shawarar yadda suka iso

Haske yana tafiyar kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, amma duk da haka sai ya yi sama da shekara 4 kafin ya iso mu daga Proxima Centauri, tauraron da ya fi kowane kusa da ranarmu. Kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 yana gudun kilomita 17 a daƙiƙa, kuma da can ya nufa, da sai ya shafe sama da shekara 70,000 a hanya. Wannan nisa shi ne bangon farko da marubuci zai yi karo da shi, kuma hanyoyin tsallake shi uku ne. Ko dai saƙo ne kawai ya zo ta igiyar rediyo, irin wanda masanin taurari Frank Drake ya fara kasa kunne yana nema a 1960, a nan kuwa tambaya da amsarta za su ci sama da shekara 8 ko da daga maƙwabci mafi kusa ne. Ko kuma jirgi ne ya sauka da matuƙansa, wanda shi ne ya fi yawa a finafinai kuma ya fi wuyar karewa a gaban mai tambaya. Ko kuma wani ɗan ƙaramin abu ne ya faɗo, iri ko ƙwaya ko na'ura, wanda ya daɗe yana barci a cikin dutse.

A ganina hanya ta uku ta fi dacewa da labarin muhalli, kuma tana da madogara a ƙasarmu. A watan Oktoba na 1962 wani dutse mai nauyin kusan kilo 18 ya faɗo a Zagami cikin lardin Katsina, daga baya masana suka tabbatar cewa ɓallowa ya yi daga duniyar Mas. A 2017 kuma aka hango wani abu da aka sa wa suna 'Oumuamua yana ratsa yankin ranarmu, shi ne na farko da aka tabbatar ya taso daga wajen wannan yanki. Saboda haka idan ka rubuta cewa wani dutse ya faɗa tafkin Legas cikin dare a farkon damina, babu masanin da zai tuhume ka da ƙarya, kuma ka sami ikon yin tsalle guda ɗaya na ƙirƙira, wato cewa akwai rai a cikinsa. Ka tsaya a wannan tsalle ɗaya, sauran duk ka bar su su bi dokokin da aka sani.

Mataki na biyu: ka fara da cikin baƙon kafin fuskarsa

Yawancin masu farawa suna ɓata shafuka wajen siffanta manyan idanu da dogayen yatsu, alhali abin da zai ba labarin ƙashin baya shi ne amsar tambayoyi huɗu: me halittar take ci, me take fitarwa, me yake kashe ta, kuma ta yaya take yawaita. Kowane mai rai yana sauya wurin da yake zaune ba tare da ya yi niyya ba. Kimanin shekara biliyan 2.4 da suka wuce wasu ƙananan halittun ruwa suka riƙa fitar da iskar oksijin a matsayin shararsu, har ta cika sararin duniya, ta zama guba ga halittun da suka riga su, ta kuma zama numfashinmu a yau. Babu mugu a wannan al'amari, kuma irin wannan rikicin ne ya kamata ka nema.

Ga misalinmu. Halittar da ta fito daga dutsen ƙananan ƙwayoyi ce masu cin roba da leda. Wannan ma yana da makamanci a duniya, domin a 2016 masana a Japan sun ba da rahoton wata bakteriya mai narkar da irin robar da ake yin gorar ruwa da ita. A makonnin farko kowa zai yi murna, saboda ledar fiya wata da gorunan lemo da suka toshe magudanai za su fara ɓacewa, ambaliyar da ke cin unguwanni a watan Yuli za ta ragu, kuma gwamnatin da ta haramta kwanukan abinci na soso a Janairun 2024 za ta ga abin da doka ta kasa yi ya yiwu a banza. Daga nan sai ka zauna ka jera duk abin da aka yi da roba a garin nan, domin halittar ba ta san bambancin shara da kaya ba: bututun ruwa, tankunan da ke kan rufin gidaje, rigar wayar lantarki, komar masunta, jarkokin mai ruwa, robar ƙarin ruwa a asibiti, har da kwanson wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da ke fitowa a gaɓar Legas. Wanda ya ga yadda bankuna suka tsaya a watan Maris na 2024 lokacin da wasu daga cikin irin waɗannan wayoyi suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma ya san abin da wannan ke nufi.

Saura hankali. Kada ka ba kowace ƙwaya tunani irin na mutum. Ka dubi gara da tururuwa, waɗanda guda ɗaya ba ta san komai ba amma taronsu ke gina shuri mai ɗakuna da hanyoyin iska, ko kuma wasu bakteriyar teku da ba sa fitar da haske sai adadinsu ya kai wani mizani. Ka sa hankalin baƙuwar tamu ya dogara da yawanta, tana kaɗan ba ta wuce gansakuka ba, tana yawa sai ta fara lissafi, in ta ƙara yawa sai ta iya tunawa da inda ta fito. Da wannan shawara guda ɗaya ka riga ka ɗaure labarin gaba ɗaya, domin duk mai son ya ji abin da ta zo da shi dole ya bar ta ta ci garin, duk mai son ya tsare garin kuma dole ya kashe ta kafin ta buɗe baki.

Mataki na uku: ka san ruwan da ka jefa ta

Tafkin Legas ba shi da zurfi a mafi yawan wurare in ban da inda masu haƙar yashi da jiragen ruwa suka zurfafa, kuma ɗanɗanonsa yana sauyawa da lokaci. Da damina kogin Ogun da sauran rafuka suna turo ruwan daɗi, gishiri ya yi ƙasa, da rani kuwa teku ke turo nasa ta mashigar tashar jiragen ruwa, gishiri ya hau. Masu kwale-kwale sun san wannan ta hanyar ciyawar nan mai kama da kainuwa mai shuɗin fure, wadda asalinta daga Kudancin Amurka ne, ta bayyana a ruwan Badagry da Legas wajen 1984. Tana cika hanyoyin ruwa bayan damina har ta hana jiragen Ikorodu tafiya, in gishiri ya dawo ta mutu, ruɓewarta kuma ta shanye iskar da kifi ke buƙata.

Ka ara wa baƙuwarka wannan rauni, gishiri ya zama ajalinta. Nan take labarin ya sami agogo, domin daga faɗuwar dutsen a watan Afrilu zuwa hawan gishiri a Disamba watanni takwas ne kacal. Idan rani ya matso za ta gudu sama ta bi kogin Ogun, ta wuce kusa da Mile 12 da kasuwar shanu ta Kara, ta nufi inda matatun ruwa na Iju da Adiyan ke ɗibar ruwan da gari ke sha. Wani zai kawo shawarar a saki ruwa daga madatsar Oyan domin a rage gishiri a raya ta a cikin tafki, mutanen Isheri kuwa sun san cewa sakin ruwan Oyan yana nufin ambaliya a ɗakunansu. Duk wannan sarƙaƙiya taswira ce ta ba ka ita, shi ya sa ya kamata ka hau kwale-kwale ko da sau ɗaya, ka bi ta ƙarƙashin gadar Third Mainland, ka ga gidajen Makoko a kan turaku da gungumen katako da ke shawagi a gefen Ebute Metta, ka rubuta warin da launin ruwan tun kana wurin.

Mataki na huɗu: wa ya fara gani

Shugaban ƙasa da janar-janar su ne na ƙarshen sanin abin da ke faruwa a bola. Wanda zai fara lura shi ne wanda abincinsa ke cikin roba, wato ɗan gwangwan da ke tsince-tsince a bolar Olusosun ta Ojota ko a bakin magudana, yana tara buhu yana kai wa mai sikeli. Shi ne zai fi kowa asara idan shara ta ƙare, kuma shi ne ba za a gayyata taron masu ruwa da tsaki ba. Ka ba shi abokan tafiya da buƙatunsu suka saɓa: mace mai ƙyafa kifi a Makoko wadda ruwa ya fara yi wa kyau amma komar mijinta ke narkewa, malamar jami'a a Akoka mai nazarin ƙananan halittu da ke ganin damar da ba za ta sake zuwa ba, injiniyan hukumar ruwa da ke lissafin bututu, da kuma mai unguwar Hausawa da ke tsoron kada a ce mutanensa ne suka kawo annoba. Wannan tsoro na ƙarshe shi ne ya fi kusa da gaskiyar zaman Legas, kuma marubucin da ba ɗan ciki ba zai manta da shi.

Maganarsu ta fito yadda suke yinta. Idan yaron ya je gaban mai unguwa zai durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, robar da na tara tana narkewa a cikin buhu, kuma wallahi ba wuta ba ce." Dattijon ba zai tambaye shi game da taurari ba, zai ce, "Yaro, ban da kai wa ya gani?" Amsar wannan tambaya ita ce za ta tura babi na biyu.

Mataki na biyar: magana da wanda ba shi da baki

Kada baƙuwar ta iya Hausa ko Yarabanci a shafi na goma. Masanan da suka aika saƙo zuwa sararin samaniya daga tashar binciken taurari ta Arecibo a 1974 sun tsara shi da ɗigo 1,679, domin wannan adadi ba ya rabuwa sai zuwa 23 sau 73, da fatan duk mai hankalin da ya karɓa zai gane ya jera shi ya zama hoto. Ka yi amfani da irin wannan dabara. Wani dare masu wucewa ta kan gada za su ga ruwa yana walƙiya sau 2, ya tsaya, sau 3, sau 5, sau 7, sau 11, kuma wanda zai gane cewa waɗannan lambobi ne da ba sa rabuwa da komai sai ɗaya da kansu yana iya zama ɗalibin sakandare a cikin motar haya. Daga nan a riƙa ci gaba a hankali, da kuskuren fahimta mai tsada. Idan mutane suka zuba mata roba domin gwaji, tana iya ɗaukar hakan izini ne, in suka zuba gishiri domin su ga iyakarta, ta ɗauka shelar yaƙi ce. Ka tanadi aƙalla kuskure ɗaya da ba za a iya gyarawa ba.

Mataki na shida: ka ba kowane ɓangare hujjar da za ta tsaya

Nan ne yawancin labaran muhalli suke faɗuwa, domin marubucin ya riga ya san wanda yake so ya yi nasara, sai ya ba abokin hamayya hujjar banza ya mayar da labarin huɗuba. Maganin wannan shi ne ka ɗauko wa kowane ɓangare tarihi na gaske.

Masu cewa a kashe ta suna da abin faɗa. Cutar bushiya ta shigo Afirka ta gaɓar Eritiriya wajen 1887 tare da shanun da Italiyawa suka kawo, cikin 'yan shekaru ta iso ƙasar Hausa ta share mafi yawan garkunan Fulani, kuma ba a ayyana kawar da ita daga duniya ba sai 2011. A 1988 aka gano dubban tan na guba da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko na jihar Delta ta yanzu da sunan kaya, abin da ya sa gwamnatin soja ta kafa dokar hana shigo da shara mai guba ta kuma buɗe hukumar kare muhalli ta tarayya. A Legas ɗin nan, a watan Agusta na 1861, Sarkin Legas Oba Dosunmu ya sa hannu a takardar miƙa gari ga Ingila alhali jirgin yaƙi yana tsaye a ruwa, shekara goma bayan an yi wa garin ruwan wuta. Dattijon da zai ce mun sha ganin baƙon da ya zo da kyauta yana magana ne da hujja.

Masu cewa a bar ta su ma ba sakarkaru ba ne. Yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta wajabta wa ƙasashe su guji gurɓata wasu duniyoyi, su kuma guji kawo abin da zai cutar da tamu, shi ya sa aka killace 'yan sama jannatin Apollo 11 da suka dawo daga duniyar wata har kwana 21 a 1969. A watan Satumba na 2017 aka tura kumbon Cassini ya ƙone a cikin iskar duniyar Zuhal da gangan, don kada wata rana ya faɗa kan watanta Enceladus, wanda ke da teku a ƙarƙashin ƙanƙara, ya kai masa ƙwayoyinmu. Malamar jami'a za ta ce idan aka sadaukar da na'ura mai tsada haka domin rai da ba a ma tabbatar akwai shi ba, da wane ido za a kashe rai da ya ƙirga mana lambobi. Za ta ƙara da cewa robar da ta ciyar da halittar mu muka zuba ta, kuma garin da ya cike teku da yashi ya gina Eko Atlantic, ya rushe unguwar Otodo Gbame a 2017 ya kori masunta, ba shi da bakin zargin wani da cin muhallin wasu.

Bayan ka jera hujjojin, ka koma kan tambayar asara ka amsa ta da sunayen unguwanni. Idan an kashe ta da gishiri ko guba, kifin wa zai mutu? Idan an bar ta, asibitin wa zai fara rasa robar ƙarin ruwa, na Ikoyi ko na Mushin? Idan an killace ta a wani yanki na tafki, su wa za a tasa? Hukuncin da jarumanka za su yanke ya kasance yana da wanda ya cuta, kuma mai karatu ya san fuskarsa tun daga babin farko.

Mataki na bakwai: batun aljanu da addini

Mai karatun Hausa da ya ji ruwa yana walƙiya da dare zai fara tunanin aljanu ko 'yan ruwa, kuma jarumanka ma haka za su yi, don haka ka bar su su yi. Wani zai kawo tofi, wani ya ce a yi sadaka. Abin da zai raba labarinka da tatsuniya shi ne cewa halittar tana da nauyi da zafi, ana iya ɗibarta a kwalba a auna, kuma tana bin doka ɗaya kullum. Ka sa malami mai natsuwa a cikin labarin, wanda zai tuna wa jama'a aya ta 29 ta Suratus Shura da ke maganar halittu masu motsi da Allah ya watsa a sammai da ƙasa, da aya ta 38 ta Suratul An'am da ta kira dabbobi da tsuntsaye al'ummomi irinmu, da aya ta 41 ta Suratur Rum game da ɓarnar da ta bayyana a tudu da teku saboda aikin hannun mutane. Wani malamin kuma zai kawo ƙa'idar cewa kawar da cuta yana gaba da jawo amfani. Ka bar saɓanin a tsakaninsu kamar yadda yake faruwa a zaure, kada ka sa wa ayoyi fassarar da malaman tafsiri ba su yi ba, kuma ka nuna wa wanda ya sani waɗannan shafuka kafin ka fitar.

Mataki na takwas: tsari da gyara

Ka raba labarin bisa yanayin ruwa: faɗuwar dutse da murna a farkon damina, ɓarnar farko a tsakiyarta, walƙiyar lambobi lokacin ɗan tsagaitawar ruwan sama na Agusta, jayayya a ruwan Satumba da Oktoba, hukunci da shigowar hunturu. Idan a WhatsApp ko Wattpad za ka riƙa sakinsa kashi-kashi, ka rufe kowane kashi da sabon abin da aka gano game da halittar, domin shi ne zai dawo da mai karatu.

Wajen gyara ka ware takarda guda ka rubuta dokokin halittar, abin da take ci, saurin yawaitarta, yawan gishirin da ke kashe ta, sannan ka bi labarin shafi-shafi ka tabbatar ba ta karya ko ɗaya ba don kawai ka sami mafita. Duk inda bayanin kimiyya ya wuce sakin layi biyu a jere, ka mayar da shi abin da wani ya gani da idonsa, kamar jarkar da ta huje a hannun mai ruwa ko sikelin da ya nuna rabin nauyin jiya. Daga nan ka karanta babin jayayya da ƙarfi a gaban mutum biyu da ka san ra'ayinsu ya bambanta, zai fi kyau ɗaya ya kasance mai sana'ar bola ko kamun kifi. Idan dukansu suka goyi bayan ɓangare guda ba tare da jinkiri ba, ka koma mataki na shida ka ƙara wa ɗaya ɓangaren nauyi, ka sake karanta musu.